Maƙoƙo Da Burodi: Shin Alkama Ce Mai Laifi?

Wata magana tana yawo cikin jama'armu daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, Sanyinna har Kebbe, ta wayar hannu ta shigo, yanzu kuwa ta kai har tarurrukan zumuntar mata. Maganar ita ce wai duk mai ciwon maƙoƙo in ya bar cin burodi da taliya da duk abin da aka yi da alkama, to ya warke, ba ya bukatar ƙwayar asibiti kuma. Mun ga ya wajaba mu tattauna batun a wannan fili, gama akwai 'yar gaskiya a cikinsa, amma an cuɗa ta da kuskuren da zai iya hallaka mutum.

A gaban wuyan kowane ɗan adam, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi wadda likitoci suke kira tairod. Ita ce take fitar da sinadarin da yake daidaita saurin aikin jiki, watau bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, har da girman ƙwaƙwalwar jariri a ciki. Kumburinta shi ne maƙoƙo. Amma fa maƙoƙo ba iri ɗaya ba ne, a nan ne kuwa ruɗanin ya samo tushe.

Wanda kakanninmu suka fi sani shi ne na rashin sinadarin aidin a cikin abinci. Ƙasarmu tana nesa da teku, gishirin gargajiya kuma da fatake suke kawowa, irin su balma da gishirin Foga, ba a sa masa aidin. Saboda haka ne gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci a shekarar 1993. Mai karatu ya lura: wannan maƙoƙo yana ƙauyukanmu tun ba a san shayi da burodi ba, tun tuwon dawa da fura ne abincin safe da na dare. Ba alkama ta kawo shi ba. Hasali ma, binciken da aka yi a yammacin Sudan ya nuna cewa gero ne yake iya ƙara kumburin ga mutanen da aidin ya yi musu ƙaranci. Ba muna cewa a bar fura ba, wa zai raba Basakkwace da fura? Abin nufi shi ne a sa gishiri mai aidin a miya, a kuma ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima.

Iri na biyu shi ne wanda garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, take juyawa ta afka wa tairod ɗin mai ita. Wani likita ɗan Japan, Hakaru Hashimoto, shi ya fara bayyana wannan ciwo a 1912, sunansa kuwa ake kiransa da shi har yau. Sai a 1956 masana a Landan suka gano cewa garkuwar jiki ce take ɓarnar. A hankali tsokar takan gaza, sai mutum ya riƙa jin kasala, yana jin sanyi ko cikin bazara, jiki ya yi nauyi, fata ta bushe, gashi ya zube, bayan gida ya yi tauri. Ga mata, al'ada takan rikice, ciki yakan zube ko ya ƙi shiga. Mata ya fi kamawa nesa ba kusa ba, sau da yawa kuma abin da suke samu a gida shi ne gori, a ce raggwaye ne. Akwai kuma kishiyarsa, cutar Graves, wadda tairod take aiki fiye da kima: zuciya ta yi ta bugawa, a rame ana ci, hannu yana rawa, ido ya firfito. Irin wannan ne wasu suke ɗauka jifa ne ko iska.

To, ina alkama ta shigo? Cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi ya tashi. Akwai mutanen da garkuwar jikinsu take faɗa da shi, a cikin faɗan kuma sai ta lalata bangon hanji. Sunan wannan cuta siliyak. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura da yadda yara masu ita suka sami sauƙi sa'ad da burodi ya yi wuya a yaƙin duniya na biyu, ya kuma rubuta bayaninsa a 1950. A ƙasashe da yawa kimanin mutum 1 cikin 100 ne yake da ita. Kada a ce ciwon Turawa ne kawai, domin a 1999 an sami fiye da kashi 5 cikin 100 a tsakanin yaran Saharawi, 'yan Afirka ta Arewa.

Gaskiyar da take cikin jita-jitar ita ce, siliyak da ciwon Hashimoto dangin juna ne, sukan haɗu a jikin mutum ɗaya fiye da yadda ake samu a sauran jama'a. Mai duka biyun lalle ne ya bar alkama muddin ransa, in ya bari kuma hanjinsa zai farfaɗo, har ƙwayar tairod ta fi shiga jikinsa. Amma waɗannan 'yan kaɗan ne, ba su wuce 'yan ƙalilan cikin ɗari ba. Ga sauran, gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne, sakamakonsu yana saɓa wa juna, babu kuwa ko ɗaya da ya nuna barin alkama yana maye gurbin magani. Tsokar da ta riga ta lalace ba tuwon masara zai tashe ta ba.

Wanda yake zargin yana da siliyak, watau mai yawan zawo, kumburin ciki, rama, ko ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, ya gaya wa likita tun yana cin alkamar. In ya bari kafin a gwada, gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali ciwon yana nan. In an tabbatar, to mu a nan abin bai yi mana wuya kamar Bature ba: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, dankali da rogo duk babu gulutin. Abin kiyayewa shi ne burodi, taliya, Indomie, Semovita, fanke, funkaso, alkaki, cincin, da ɗanwaken da aka haɗa da fulawa. Irin wannan ɗan'uwa ya sanar da fasto game da gurasar Jibin Ubangiji domin a san yadda za a yi masa. Wanda ba shi da siliyak kuwa ba shi da dalilin janye jiki daga teburin Ubangiji.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu yar da ƙwaya. Maganin tairod mai rauni ana kiransa lebotairoksin, ba wani abu ba ne illa madadin sinadarin da jiki ya kasa yi, yawancin masu shansa kuwa har ƙarshen rai ne. Mun sha jin shaida a sujada cewa an warke, muna kuma murna da kowace warkarwa. Amma jin daɗin jiki na mako biyu ko uku bayan barin magani ba shaida ba ne, gama sinadarin yakan daɗe cikin jini kafin ya ƙare. Addu'a da asibiti ba abokan gaba ba ne, Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne. Wanda ya gaskata ya warke, to ya je a gwada jininsa, likita ya faɗa da bakinsa.

Yadda ake shan ƙwayar ma yana da ƙa'ida. Da sassafe ne, da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu a wurin awo, da ta ƙarfin ƙashi, a raba su da ita da awa 4. Awara ma tana rage shigarta jiki. Mace mai wannan ciwo da ta ɗauki ciki ta garzaya asibiti, domin yawanci akan ƙara mata adadi saboda jaririn. Masu azumi, mu da maƙwabtanmu Musulmi, su tambayi likita lokacin da ya dace maimakon su tsallake. Kada kuma wani ya ɗiga aidin na wanke rauni a ruwa ya sha, yawan aidin yana ƙara tsananta ciwon Hashimoto.

Gwajin jinin sunansa TSH. Akan maimaita shi mako 6 zuwa 8 bayan an sauya adadin magani, in ya daidaita kuma sai sau ɗaya a shekara. A fara da asibitin da ya fi kusa, in an tura mutum Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kada ya yi nawa. Daga Tambuwal tafiyar kimanin kilomita 100 ce, daga Kebbe ta fi haka, kuɗin mota da na gwaji kuwa su ne suke hana mata da yawa zuwa. Muna roƙon dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata su sa wannan cikin abin da baikon taimakon marasa lafiya zai ɗauka. Mai tafiya kuma ta riƙe kwalin maganin da take sha da takardun gwajinta na baya.