Garin da aka kashe bambanci: labarin Jonas, ɗan shekara 12

A shekara ta 1993 wata marubuciya ƴar ƙasar Amurka mai suna Lois Lowry ta wallafa ƙagaggen labari, The Giver, wato Mai Bayarwa. Littafin ya ci lambar yabo ta Newbery a 1994, an kuma juya shi da Faransanci da sunan Le Passeur. Don matasa aka rubuta shi, amma tambayar da ke cikinsa ta manya ce: shin yi wa mutane adalci da mayar da su iri guda abu ɗaya ne?

Garin da labarin ya siffanta, a kallon farko, aljannar duniya ne. Babu yunwa, babu yaƙi, babu attajiri balle matsiyaci. Sai dai an sayi wannan kwanciyar hankali da tsada. Majalisar dattawa ce ke zaɓa wa kowa abokin aure. Yara 50 ake haifa kowace shekara, kuma wasu mata ne aka ware wa aikin haihuwa, sa'an nan a rarraba jariran, kowane gida biyu, namiji da mace. An sarrafa yanayi har babu zafin rana, babu ƙanƙara. An kawar da launi, idon mutane ba ya rarrabe ja da kore. Da zarar sha'awa ta fara motsa wa matashi, sai a ɗora shi kan ƙwayar da zai riƙa sha kowace safiya.

Kowane watan Disamba akan yi bikin ƴan shekara 12, inda ake ba kowane yaro aikin da zai riƙe har tsufansa, ba tare da an nemi ra'ayinsa ba. A nan aka zaɓi Jonas ya zama ma'ajin tunanin da: mutum guda da ke ɗauke da dukan abin da ƴan Adam suka taɓa ji da gani, domin sauran jama'a su huta da nauyinsa. Wani tsoho ne ke miƙa masa wannan gado ta hanyar ɗora hannu a bayansa. Ta haka Jonas ya san ɗumin rana, da launin ja, da daɗin zama da kakanni. Ta haka kuma ya san yunwa, da karaya, da nishin yaron da ke mutuwa a fagen daga.

Abin da ya ƙarasa buɗe masa ido shi ne kalmar da garin ke amfani da ita ga tsofaffi da jarirai marasa ƙarfi, wai an sallame su. Rannan ya ga uban da ya rene shi, mai aikin kula da jarirai, ya yi wa ƙaramin cikin wasu tagwaye allurar mutuwa, yana yi masa wasa da murya mai daɗi. Uban ba mugu ba ne. An dai raba shi da sanin mutuwa, saboda haka an raba shi da tausayi. Da Jonas ya ji irin wannan sallama na jiran Gabriel, jaririn da ake reno a gidansu, sai ya ɗauke shi bisa keke ya bar garin da dare.

Tun kafin Lowry, a 1961, Kurt Vonnegut ya bi wannan hanya cikin gajeren labarinsa Harrison Bergeron, wanda ya ajiye a Amurkar shekara ta 2081. A can, mai kaifin basira ana manna masa na'ura a kunne tana ƙara don ta tarwatsa tunaninsa, kyakkyawa a rufe mata fuska, ƙaƙƙarfa a rataya masa kaya masu nauyi. Harrison, ɗan shekara 14, ya yar da nasa kayan a gaban talabijin, aka harbe shi nan take, iyayensa kuma suka mance cikin ƴan daƙiƙu.

Ba banza ba marubutan biyu suka ɗora labaransu kan yaran da ke bakin balaga. A wannan gaɓa ce yaro ke fara zaɓi da kansa, ya yi kuskure, ya ɗauki alhakinsa. Garin da ya hana zaɓi ya hana girma. Mazaunansa na yin furfura suna yara.

Mai karatu da ya san kasuwa ya san bambancin. Adalci shi ne a auna wa sarki da talaka da mudu ɗaya, a yi musu shari'a da doka ɗaya. Ba shi ne a tilasta wa kowa sayen hatsi iri guda ba. Yatsun hannu ba tsawonsu ɗaya ba, da haka kuwa suke ɗaukar loma.