Fastel: launin da Edgar Degas ya fi so, kayan haɗinsa suna nan a Arewa

Ɗan lakwal a Matankari ya san allin da mushe ke rubutu da shi a allo. Fastel ɗan'uwansa ne, sai dai ya fi shi laushi da ƙarfin launi. Garin launi ne ake kwaɓawa da farin alli da ɗan ƙaro, a murza shi kamar yatsa, a shanya. Ba a sa mai, ba a jira ya bushe a takarda: mai zane ya goga, ya shafa da yatsa, launi ya zauna nan take.

Wannan ne ya ja hankalin Edgar Degas, mai zanen Faransa da ya rasu a 1917. Da ganinsa ya fara rauni, sai ya ƙara dogara ga fastel, yana jibga launi bisa launi, ja a kan shuɗi, ɗorawa a kan kore, har rigunan ƴan rawar da yake zanawa su yi kamar suna ci da wuta. Tun kafinsa, Rosalba Carriera, wata mata ƴar Italiya, ta je Paris a 1720, manyan birnin suka yi ta rububin ta zana fuskokinsu da shi.

Wanda ya dubi kayan haɗin zai ga ba baƙi ba ne a Dallol Mawri. Jar ƙasar duwatsun Dogon Dutsi ta samu launinta daga tsatsar ƙarfe, wadda ita ce ke cikin jan fastel mai kama da ƙasa da ake sayarwa a Turai da tsada. Ƙaro na fita a jikin dakwara, gawayi kuwa kowane murhu da nasa. Shuɗi mai haske ne ke da wuya, shi kam sai an sayo. Abin takaici ne a ce yaro mai hannun zane ya ƙare a bik da fensir.

Aibinsa ɗaya: gari ne, bai kama takarda sosai ba. Hannu na share shi, ƙurar hunturu na dusar da shi. Shi ya sa ake rufe zanen da gilashi, a bar ɗan fili tsakani don kada gilashin ya taɓa launin. Hoton Madame de Pompadour da Quentin de La Tour ya nuna a 1755 haka aka adana shi, yana nan a gidan tarihi na Louvre.