Haƙuri ba shiru ba ne: yadda magana a kan kari ke rage damuwa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ma'aikacin da ke zirga-zirga daga Kano zuwa Gaya ta Wudil, da ɗan kasuwar da ke saro hatsi a Ajingi, kukansu ɗaya ne: kuɗin mota ya hau, bashi ya ƙi fita. Da yawa sukan bar abin a ciki, su kira shi haƙuri.

Jiki kuwa ba ya yafewa. Idan damuwa ta daɗe, sinadaran da jiki ke saki lokacin fargaba sukan ƙara bugun zuciya, su hana barci, su share wa hawan jini hanya.

Sauƙin yana cikin magana a kan kari. Wanda ake bi bashi ya riga mai kuɗi zuwa, ya faɗi abin da zai iya biya da ranar biya, a gaban shaidu. Ma'aikaci ya sami shugabansa a keɓe, ya bayyana matsalarsa ba tare da zargi ba. In rai ya ɓaci, a jinkirta amsa, domin magana zarar bunu ce.

Idan rashin barci ya ɗauki makonni, a garzaya asibiti a ga likita, a auna jini.