An Ci Moriyar Ganga An Ya Da Kwaurenta: Labarin Gretel Bergmann

A cikin 'yan wasan da siyasa ta tauye wa haƙƙi, da wuya a sami wadda aka yi wa cin amana irin Gretel Bergmann, Bayahudiya, gwanar tsallen sama, wadda aka haifa a garin Laupheim na ƙasar Jamus cikin 1914.

Da Hitler ya karɓi mulki cikin 1933, sai ƙungiyar wasanta ta birnin Ulm ta kore ta, ba don wani laifi ba sai don asalinta. Ta ƙaura zuwa Ingila, inda ta zo ta ɗaya a gasar ƙasar ta 1934 da tsallen mita 1.55.

To, a lokacin nan Jamus tana shirin karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na 1936 a Balin, ga shi kuwa a Amurka ana ta kiran a ƙaurace wa wasannin saboda wulaƙancin da ake yi wa Yahudawa. Don a rufe bakin duniya, sai hukuma ta nemi Gretel ta komo gida, aka kuma nuna mata cewa in ta ƙi, danginta ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Ta komo. Cikin watan Yuni na 1936, a Stuttgart, ta tsallake mita 1.60, watau daidai da tsalle mafi tsawo da wata mace ta taɓa yi a Jamus.

Amma jirgin ruwan 'yan wasan Amurka na barin gaɓa, sai ga takarda wai ƙoƙarinta bai kai ba, an cire ta. Jamus tana da gurbi uku a tsallen mata, ta gwammace ta tura biyu. Abin mamaki, wadda ta ci lambar zinariya, Ibolya Csák ta ƙasar Hungary, ita ma Bayahudiya ce, kuma mita 1.60 ɗin ne aka rubuta mata.

Cikin 1937 Gretel ta koma Amurka, ta zama zakarar ƙasar a 1937 da 1938. Ba ta sake taka ƙasar Jamus ba sai 1999, sa'ad da aka sa wa filin wasan garinsu sunanta. Sai cikin 2009, bayan shekara 73, hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta Jamus ta mayar da tsallen nan nata cikin kundinta. Ta rasu a New York cikin 2017 tana da shekara 103.