Gwajin huk a React: abin da ya kamata ku sani

Duk matashin da ke koyon haɗa shafukan intanet a Kaduna yau, ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna ne a titin Tafawa Balewa, ko mai koyo da kansa a ɗakinsa a Kawo, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da React. Kamfanin Facebook ne ya sake shi kyauta ga kowa a 2013, sannan a watan Fabrairun 2019 aka ƙara masa abin da ake kira huk.

Huk ɗan guntun umarni ne mai riƙe bayani yana sabunta shi. Mu ɗauki shafin mai sayar da shadda da atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Shafin na da kwandon saye, wanda ya san yadi nawa aka zaɓa da kuɗin da suka kama. Maimakon a yi ta maimaita wannan lissafi a kowane sashe, sai a rubuta shi sau ɗaya a matsayin huk a riƙa kiransa duk inda ake so. Nan amfaninsa yake, nan kuma hatsarinsa. Kamar mudun awo ne: in ya lotsa, duk wanda aka auna wa ya cutu. Shi ya sa ya fi komai cancantar gwaji.

Ba a kiran huk kai tsaye, dole sai daga cikin wani sashen shafi. Saboda haka ake amfani da React Testing Library, wanda Kent C. Dodds ya fitar a 2018. Tun 2022 akwai renderHook a cikinsa, wanda ke gina wa huk ɗan sashe na wucin gadi ya zauna. Jest ko Vitest ne ke gudanar da gwajin. Ka ɗora kwandon, ka tabbatar babu komai a ciki. Ka zuba yadi 5 ta cikin umarnin act, domin React ya kammala sabuntawa kafin ka duba. Sai ka karanta result.current, inda renderHook ke ajiye amsar huk ɗin, ka ga ko jimillar ta yi daidai. A lura, bayan kowane canji a sake karanta result.current. Wanda ya kwashe ƙimar tun farko ya ajiye a gefe, tsohon labari yake dubawa.

Wani abu da ke rikita sababbin hannu: dabarar ake rabawa, ba kayan cikin ba. Sashe biyu da suka kira huk ɗaya, kowa da nasa kwandon, sai fa in an haɗa su ta Context ko makamancinsa. Gwaji ɗaya ya isa ya tona wannan kafin kwastoma ya isa wurin biya ya tarar da wayam.

Amma inda na fi so a tsaya shi ne batun sabis. Mai rubuta manhaja yakan gwada aikinsa a kwamfutarsa, inda amsa ke zuwa nan take. Mai saye kuwa tana cikin Keke Napep tsakanin Malali da Unguwar Rimi, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Ta danna "biya", shiru, ta sake dannawa. Sau nawa aka aika odar? Ta rubuta "sha" a wurin nema, ta ƙarasa "shadda", sai amsar farko ta makara ta iso bayan ta biyu, ta rufe ta. Ko ta gaji ta bar shafin alhali saƙon na hanya. Duk waɗannan ana iya kwaikwayonsu: a kafa sabar bogi da Mock Service Worker, a sa ta jinkirta ko ta ƙi amsawa, a yi amfani da agogon bogi na Jest don a tsallake daƙiƙu ba tare da zaman jira ba. A ganina, huk da bai ci wannan jarrabawa ba bai isa a miƙa wa ɗan kasuwa ba, domin sunan ɗan kasuwar ne zai ɓaci a wurin kwastoma.

Kuɗi ma sai an kula. A JavaScript, yaren da ake rubuta React da shi, 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif, akwai ɗan ɓurɓushi a ƙarshe. A ajiye lissafi da kobo, a mayar naira lokacin nunawa kawai, a kuma gwada hakan.

Kada gwaji ya shiga leƙen yadda aka tsara cikin huk. Abin da ya shiga da abin da ya fito kaɗai ya dame shi, ta yadda gobe za a iya sake ginin ciki gwajin na nan daram. Huk ƙarami da sashe ɗaya ke amfani da shi kuwa, a gwada shi ta sashen, a danna maɓallin yadda mai saye zai danna. Sannan a sa GitHub Actions ya riƙa gudanar da gwaje-gwajen duk lokacin da aka tura sabon gyara.