Lema a Gindin Katanga

Wanda ya zauna a Kubwa ko Gwarinpa ya san yadda ake wayar gari a ga gindin katanga ya jiƙe, fenti na ɓarewa. In dama an san babban bututun da ke shigo da ruwan Usuma cikin gidan ya yi ciki a wani wuri, nan take kowa zai ce shi ne. Gogaggen mai gyaran famfo kuwa ba ya soma fasa siminti inda lema ta fito. Ya san ruwa gangare yake bi, inda ya kwanta daban, inda ya ɓalle daban.

Haka lamarin yake ga mutumin da likita ya gaya masa babbar jijiyar jininsa ta yi kumburi, sai kuma ya ga idon sawunsa ya tashi, takalmi ya ƙi shiga da yamma. Wannan jijiya daga zuciya take fitowa, ta lanƙwasa a ƙirji, ta gangara har daidai cibiya ta rabu biyu. Faɗinta a ciki bai wuce kimanin santimita 2 ba. In ya kai 3 an shiga sahun masu ciwon, akasari kuma sai ya kai 5.5 ga namiji ake maganar aiki. Kafin nan sa ido ake yi da hoton ciki, mutum na harkokinsa. Albert Einstein ma an gano nasa a 1948, bai fashe ba sai 1955.

Abin da ya kamata mai ciwon ya riƙe shi ne, wannan bututu ba ya ɗiga a hankali har ruwan ya taru a ƙafa. Ranar da ya tsage ba a tambaya: ciwon ciki ko baya mai tsanani, jiri, zufa, suma. Wannan ba a jiran gari ya waye.

To daga ina lemar? A ganina wurin da ya dace a fara leƙawa shi ne ledar magani. Masu irin wannan ciwo da yawa suna da hawan jini, amlodipine kuwa na cikin magungunan da aka fi rubutawa a ƙasar nan. Yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin nama, ƙafa biyun su kumbura da yamma, su sace da safe. A haɗa da zaman awa biyu a cunkoson Nyanya, ƙafa a rataye, ai sai abin ya ƙaru. Haɗarin a nan shi ne mutum ya yi fushi ya ajiye maganin. Ƙarfin bugun jini ne ke ƙara tura bangon jijiyar, wanda ya daina sha don kumburin ƙafa ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Likita na iya rage shi ko ya haɗa shi da wani. Sayen Lasix a kemis ma ba ya yi wa irin wannan kumburi abin kirki. Su diclofenac da ibuprofen da dattawa ke sha don ciwon gwiwa, suna riƙe gishiri da ruwa, su taɓa ƙoda, su ɗaga jini.

In ba magani ba ne, sai a duba injin da ke tura ruwan, wato zuciya. Kumburin da ke gindin jijiyar, daf da zuciya, na iya buɗa murfin da ke hana jini komawa baya, zuciya ta yi ta aiki biyu har ta gaji. Alamarta haki a ɗan hawan bene, da ƙara matashin kai saboda kwanciya na toshe numfashi. Sai magudana, wato ƙoda, wadda jijiyoyinta daga jikin wannan babbar jijiya suke tsirowa. Nata kumburin kan nuna har a fuska da safe.

Ƙafa ɗaya ce ta kumbura, da zafi a ƙwauri? Wannan ba sammu aka taka ba, kuma ba a matsa ta da man zafi. Gudan jini ake zargi, wanda ke iya ɓallewa ya tafi huhu, ranar ake zuwa asibiti. Akwai kuma lokacin da kowa ke da gaskiya, bututun ne: ya girma ya danne babbar jijiyar da ke maido jini daga ƙafafu, ko ma ya huda cikinta. Ba kasafai ba ne, amma shi ya sa ba a cewa “zama ne kawai, Baba” a wuce.

Binciken ba wani mai nisa ba ne: awon jini da fitsari don ƙoda, hoton zuciya, hoton jijiyoyin ƙafa, da sake auna faɗin kumburin babbar jijiyar, irin abin da ake zuwa yi a Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada. Mai zuwa ya tafi da takardar hotonsa na baya don a gwada da na yanzu, ya kuma kwashi duk abin da yake sha, har da jiƙon da ke bayan ƙofa.