Gaskiya ko Jita-jita: Iska Ce Kaɗai Ke Kayar da Allon Shago?

Duk farkon damina, tsakanin Mayu da Yuni, idan guguwa ta ratsa Birnin Kudu da Gwaram, washegari sai ka ga allunan shaguna kwance a bakin titi. Kowa ya ce iska ce. Iska ta yi nata, amma sunkuya ka duba gindin ƙarfen da ke riƙe da allon a kan kankare tukuna.

Ana cewa da zarar kankare ya bushe, ya yi ƙarfi. Jita-jita ce. Haɗuwar siminti da ruwa ce ke ƙarfafa shi, kuma a hankali take tafiya: a kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, injiniyoyi kuwa sai kwana 28 suke auna ƙarfin da suka tsara. A zafin Afrilu saman kankaren yakan bushe cikin yini ɗaya alhali cikin bai nuna ba. Wanda ya huda shi a kwana na uku ya ɗaura noti mai buɗewa a rami, notin zai marmashe gefen ramin, ya ƙi kamawa. Shi ya sa birkila na kirki yake nacewa a riƙa ba kankare ruwa safe da yamma har mako guda, ko da mai shago yana ta ƙorafin ɓata lokaci.

Ƙusar kankare ta isa? Ta isa rataye agogo. Allo mai faɗi a kan dogon ƙarfe kuwa, duk kaɗawar iska tana fizgar ta sama har ta zare.

Shi ma daɓen gaban shago yaudara gare shi. Sau da yawa siriri ne a kan cikon ƙasa, noti ba ya samun zurfin kamawa, kuma in an huda kusa da baki sai ya tsage.

Abin da tsofaffin magina ke faɗa, cewa binnewa ta fi, gaskiya ne. A haƙa rami, a kwaɓa awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a tsayar da ƙarfen a ciki, ko a dasa notuna masu lanƙwasa kamar ƙugiya kafin a zuba, yadda ake wa fitilun titi. A ɗan tudunta saman don kada ruwa ya kwanta tsatsa ta ci gindin.

Kafin hadarin farko, je ka girgiza naka. In ya motsa, kira birkila.